Arzika da Ruwan Wankin Inna

Duk wanda ya zauna a kwatas ɗin ma'aikata na Shagari a shekarun tsuke bakin aljihu ya san Arzika mai gyaran famfo. Ko bai san sunansa ba, ya san kekensa. Wani tsohon keke ne marar birkin baya, an ɗaure masa buhu cike da sifanu da guntayen bututu, tun daga nesa za ka jiyo ƙararsa kamar ana jan kwanuka a ƙasa. Mutumin Dingyadi ne, amma asalinsu Kabawa ne, ga tsagar nan a kumatunsa har gindin kunne. Gajere ne kakkaura, yana kuma da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi tun farkon saninmu: ba ya taɓa aiki sai ya zauna ya ƙare masa kallo. Ka kira shi ruwa na tsiyaya, sai ya zo ya tsuguna ya zuba wa bututun ido yana cin goronsa, kai kuwa ranka na tafasa.

Ginar rijiya ya gada. Shi da ubansa sun gina rijiyoyi daga Dingyadi har Lambara, ya kuma sha shiga ƙarƙashin ƙasa yasar rijiya tun gemunsa bai fito ba. Da kuɗin fetur suka zo, 'yan kwangila suka cika gari da gine-gine, sai wani kamfani ya ɗauke shi lebura, yana haƙa ramin da ake binne bututu. A nan ya riƙa leƙen hannun masu haɗawa har ya iya. Da aljihun gwamnatin farar hula ya bushe, soja kuma suka karɓa, kamfanin ya naɗe tabarmarsa ya bar gidaje babu rufi. Arzika ya tsira da kekensa da sifanunsa, yana bin gidajen ma'aikata yana gyaran abin da ya lalace. Abin da ya lalace kuwa a lokacin ba ya ƙirguwa.

Ni sunana Safiyya, ungozoma ce, an yi mini canjin wurin aiki daga Bodinga zuwa Shagari. Maigidana, Malam Tukur, malamin makaranta ne. Shekarar da ya sauke farali, lokacin abubuwa ba su ɓaci ba, abokan tafiyarsa suka dawo da rediyo da dardumai da sarƙoƙin mata, shi kuwa ya dawo mini da injin wanki. Na yi godiya a baki, amma a zuciya na ce wannan bawan Allah da neman suna yake. Sau ɗaya muka gwada shi. Da ya tashi zubar da ruwa sai ya malale mana kicin har ƙofar ɗaki, na wuni ina kwalfewa. Daga ranar na mayar da shi kwalinsa na tura kusurwa, ya zama teburin ajiye gishiri da daddawa.

Haka ya zauna har ciwo ya kama mahaifiyata. Inna Hasiya a Bodinga take, macen da tsabtarta ta zama abin tsokana a unguwa. Ita ce mai wanke muciya ta sake wankewa, ita ce ba ta shan ruwa a gidan biki sai ta leƙa cikin moɗa. Wata safiya aka tarar da ita a ƙasa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yayyena maza duk suna kudu wajen neman abinci, ni ce auta, ni ce kuma mai aikin asibiti, saboda haka na ɗauko ta. Ta zo ne ba da son ranta ba. A wurinta zama gidan suruki abin kunya ne da bai kamata ya sami mai mutunci ba. Ba ta taɓa kiran sunan Malam ba, ba ta taɓa cin ko goro a gabansa ba. In ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska. Shi ma daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi ba tare da ya ɗaga ido ba.

Ciwon ya hana ta riƙe fitsari da bayan gida. Kullum sai an wanke zannuwa da shimfiɗa, wata rana sau biyu. Ga shi sabulun kirki ya ɓace a kasuwa, sai sabulun soda mai cin fata. Hannuwana suka tsattsage har ina ɓoye su a gaban masu naƙuda. Ban taɓa yi mata ƙorafi ba, amma na gaji, gajiyar da nake ji har cikin ƙashi. Malam ne ya dubi hannuwan nan wata rana ya ce a fito da injin, a kira Arzika ya nema masa hanyar da ruwa zai bi.

Ɗakin Inna yana kallon ƙofar kicin, saboda haka tana kwance ta hango Arzika ya shigo bayan Malam. Iyayenta daga ƙasar Katsina suka zo, tsakanin Katsinawa da Kabawa kuwa akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Tana ganin tsagar sai ta manta da ciwo.

"Auta," ta ce da ni, bakinta a karkace, "ɓoye kihi, bawana ya zaka."

Arzika ya ajiye buhunsa ya tsuguna daga nesa. "Ranki shi daɗe, ina kinka ishe bawa? Ubangidanki na yaz zaka duba ki. Bakatsiniya dai ko tana kwance bakinta ba shi hutawa."

Tun da ta kwanta ban ji dariyarta ba sai ranar.

Arzika ya yi wa injin kallon nan nasa da ya saba, sannan ya ce mafi sauƙi shi ne a haɗa tiyon injin da bututun da ke kwashe ruwan kwamin wanke-wanke, tunda duk a kicin suke, su gangara tare zuwa sokawe, ramin da ke shanye ƙazamin ruwa a bayan gida. Kayan haɗi ba su samuwa a shago ko da kuɗinka, sai da ya je kasuwar Bodinga ya tono wani mahaɗi mai baki uku a cikin tarkacen 'yan gwangwan. Ya yanka bututun a ƙarƙashin kwamin, ya dasa mahaɗin, ya cusa tiyo ya ɗaure da robar tayar keke. Aka kunna, ruwa ya wuce salin-alin. Na yi ta sa masa albarka. Daga nan in an kawo wuta sai in ɗauraye mafi munin kayan a bayan gida in zuba sauran a inji, in je in yi wani aikin. Hannuwana suka fara warkewa.

Abin ya faru ne wata Juma'a a tsakiyar bazara, bayan an sauko daga masallaci. Na tara kwanukan rana a cikin kwamin, har da farantin da Malam ke cin abinci, na kunna injin da shimfiɗar Inna a ciki, na fita shanya. Ina can injin ya fara zubar da ruwa. Maimakon ya wuce, sai ya dawo ta ƙasan kwamin, yana ɓulɓulowa yana hawa, ruwan toka-toka mai kumfa da zarni, har ya shanye kwanukan. Daidai lokacin Malam ya shiga kicin neman ruwan sha. "Subhanallahi," kawai na ji ya ce. Kafin in iso ya kashe injin, ya naɗe hannun rigarsa ta Juma'a, ya tsoma hannu cikin ruwan yana tsamo kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Don ya taimake ni ya yi, Allah ya sani. Amma ƙofar Inna a buɗe take, ta kuma ga komai.

Da yamma na kai mata tuwo ta kawar da kai. Washegari na dama mata kunu ta ce ba ta so. Na ɗauka ƙyama ce, na ce mata na wanke kwanukan da ruwan zafi, na ma sayo mata sabon kofi. Da na gama sai ta ce, "Auta, ba ƙyama ta ba. Ƙazantata ta, surukina yas sa hannu ciki, ga kwanon cin abincinai. Abin da bai shiga ba, ba shi hita. Ki bar ni hakanan."

Sai a lokacin na gane. Inna ta yanke shawarar daina ci da sha ne don kada a sake samun abin wankewa.

Babu irin roƙon da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce na daina amfani da injin, na koma wanki da hannu. Ta ce ta ga hannuwan nawa ai. Sai dai ta tsoma yatsa a ruwa ta jiƙa leɓe, shi ke nan. Malam kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Shi ne ya fi kowa damuwa, shi ne kuma ba shi da bakin yi mata maganar, don in ya buɗe baki a kan wannan zance kunyar ce za ta ninku. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na san abin da zafin bazara ke yi wa tsohon da ba ya shan ruwa. Idanunta suka faɗa, harshenta ya bushe. Kullum da safe in na sa hannu ƙarƙashinta sai in ji shimfiɗar a bushe, alamar ruwan jikinta na ƙarewa.

Da Arzika ya zo ban bari ya sauke buhunsa ba. Na wanke shi tas. Na ce aikinsa na banza zai kashe mini uwa, na faɗa masa duk abin da ya faru ina kuka ina nuna shi da yatsa. Ya shiga ya kwance bututun, ya zazzage shi a ƙasa. Toka ce da yashi suka daskare a ciki, sun bar 'yar kafa da ba ta fi yatsa ba. Mu dai da toka da yashi muka tashi muka ga ana dirje gindin tukunya, da aka ba mu gida mai kwami kuma a ciki muka ci gaba da yi, ni da duk matan kwatas. Ruwan wanke-wanke a hankali yake tsiyaya, yana samun hanya. Na inji kuwa gaba ɗaya yake zuwa da ƙarfi, da bai sami wurin wucewa ba sai ya hau sama.

"Laihina na," in ji Arzika. "Na duba bututu ban tambayi yadda aka wankin tukunya gidan ga ba."

Sai ya tsuguna ya shiga kallon nan nasa. Wannan karon ya daɗe har na fita na bar shi, don in na tsaya zan faɗi abin da ba shi ke nan ba.

Aikin da ya yi daga baya ya ci masa wunin ranar da rabin washegari. Ya cire mahaɗin daga ƙarƙashin kwamin gaba ɗaya. Ya huda bango, ya fitar da bututun kwamin waje da nasa bakin, ya ba injin wani bututun dabam wanda ya miƙe tsaye a jikin bango, tiyo na rataye a samansa. A waje, daf da ƙasa, ya gina wani ɗan akwatin siminti mai buɗaɗɗen baki, bututun biyu suna zuba a ciki daga sama, daga nan babban bututu ya kwashe zuwa sokawe. Ya ce mini ko da hanyar ta sake toshewa, ruwan zai cika akwatin ne ya malala a bayan gida, ba shi da yadda zai yi ya hau kwami. Ya kuma daɓe mini wani wuri a gefe ya ce can zan riƙa dirje tukwanena. Na ce masa duk na ji, amma wadda aka yi aikin domin ta ba ta ci ba ta sha. Ya ce in nemo masa bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya, in kuma roƙi Malam ya ɗan fita.

Malam ya tafi majalisarsu. Ni da maƙwabciyata Laraba muka ɗauko Inna, ba ta da nauyin komai, muka zaunar da ita a kujera a bakin kicin muka tokare ta da matasai. Daga nan tana ganin cikin kwamin, tana kuma ganin bayan gida ta ƙofar baya. Ba ta da ƙarfin yin gardama. Arzika ya ɗauko farin farantin nan na Malam ya ajiye a tsakiyar kwamin. Ya cika injin da ruwa ya juye bular duka, ruwan ya yi shuɗi kamar na marina. Sannan ya fita ya dunƙule tsumma ya cusa a bakin babban bututun, ya danna da sanda.

"Inna, kin gani, na toshe shi da hannuna, toshewad da tah hi ta rannan. In ruwan ga yat taɓa farantin ga, ki sa a kore ni garin ga."

Sai kuma aka ɗauke wuta. Wallahi na ji kamar in kurma ihu. Muka zauna muna jira cikin zafi, Inna ido a rufe, Arzika na tsugune yana ɓare goro kamar ba abin da ya dame shi. La'asar ta kusa kafin fankar falo ta motsa. Ya tashi ya murɗa injin. Muka ji ruwan ya taso ya bi bututu, akwatin simintin ya cika, shuɗin ruwa ya tumbatsa ya malala cikin ƙasar bayan gida, kaji suna gudu. Inna ta buɗe ido tana kallon kwamin. Har injin ya tsiyaye, farantin yana nan fari fat, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Ruwanki ya samu hanyatai," in ji Arzika. "Ba shi ƙara gamuwa da kwanon kowa."

Inna ta juyo ta dube shi. Da ƙyar muryarta ta fito. "To hannun mai gidan ga fa? Shi ma ka yi mashi bututu?"

Na sunkuyar da kai. Arzika ya gyara tsugunonsa.

"Tsohuwata ta kwanta kamar haka," ya ce. "Ba ni da ɗiya mace, matata na jego. Ni nika ɗaukar zannuwanta in tai bakin rijiya in wanke, mutane na kallo. Hannun ga na, ga shi, da shi nika cin tuwo. Wallahi tun da tar rasu ban ƙara samun aikin da yak kai wancan ba. Yanzu Allah ya kawo ma bayin Allah ga lada har cikin ɗaki, ke kuma kin ce sai kin tahi da abinki. Ni dai na san Katsinawa da rowa, amma ban san har lada ba ku son a samu gare ku ba."

Laraba ta toshe baki. Ni kuwa na tsorata, don ba a taɓa yi wa Inna magana haka ba. Sai na ga ɓarin fuskarta mai lafiya yana motsi. Hawaye na zuba, amma dariya take yi.

"Ɗan banzan Bakabe," ta ce.

Na ruga na damo wa Arzika fura, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya karɓi kwanon ya ajiye a ƙasa ya ture shi gefe. "Ba ni sha. A ce ubangida ya ƙoshi baiwatai na jin yunwa? Kunya ta gare mu." Ya naɗe hannu ya kafa mata ido, irin kallon da yake yi wa bututu.

Inna ta dube shi, ta dubi kwanon. "Auta, miƙo man," ta ce. "Kar shi mace nan a ce ni nik kashe shi."

Na riƙe mata ludayi. Ta sha ɗaya, ta huta, ta sha na biyu. Sai da ya ga ta sha na kirki sannan ya jawo kwanon ya shanye sauran, ya fita ya zare tsummansa, ya ɗaure buhu a keke.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya. Ba ta daina rufe fuska in Malam ya yi sallama ba, amma tana cin abincinta, in Arzika ya biyo ta kwatas kuma sai ya leƙo sun taɓa wasansu. Daga baya famfunan kwatas ɗin suka ƙafe, aikin bututu ya yi ƙaranci, ya koma yasar rijiya da tsufansa. Ni ma aka mayar da ni Bodinga. A can na sami labarin rasuwarsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Na shiga mota na je Dingyadi gaisuwa. Matarsa Khadijatu ta karɓe ni hannu bibbiyu, amma ba ta san ni ba. Da ta ga kukan da nake yi ya fi na baƙo, sai ta tambaye ni wane aiki ya yi mana. A nan na gane bai taɓa ba ko matarsa labarin ba. Ya rufa wa Inna asiri har ya koma ga Allah.

Na ce mata bututu ya haɗa mana. Abin da ke raina a lokacin shi ne safiyar da ta biyo bayan furar nan. Na shiga ɗakin Inna bayan na idar da salla, na sa hannu ƙarƙashinta kamar kullum, sai na ji shimfiɗar a jiƙe sharkaf. Na durƙusa a wurin ina hamdala ina yi wa Arzika addu'a, ban taɓa murnar ganin wanki irin ta ranar ba. Na canja mata zane, na kwashi jiƙaƙƙun na nufi kicin.